Barewar Inna

Kwanakin baya 'yata ta ɗauke ni a mota za mu je gaisuwar rasuwa, sai wayar da ke nuna mata hanya ta bi da mu ta yankin Pleasant Garden. Na zuba ido ta taga ina neman gidan da na fara zama a ƙasar nan. Gidan yana nan, an sake masa fenti, amma dajin da ke bayansa an share shi tas, an jera gidaje masu kama ɗaya kamar kwanukan jeren amarya. Muna cikin tafiya wata barewa ta tsallaka titi, 'yata ta taka birki, ta yi 'yar ƙarar nan da yaranmu ke yi da Turanci in sun ga abin sha'awa, ta ce in duba in ga kyakkyawa. Na ce na gani. Su yaran yanzu nama a wurinsu abu ne da ke zuwa cikin leda daga shagon halal, ba gashi ba jini, ba su taɓa jin ɗuminsa a hannu ba. Ban ga laifinsu ba. Ni ce dai tun daga ranar nan zuciyata ta koma gidan can ta ƙi dawowa.

Na zo ƙasar nan ina amarya, ƙafata da sauran lalle. Maigidana yana aikin ɗaukar kaya a wani katafaren sito ta wajen Wendover, bai kama wurin kansa ba tukuna, sai muka sauka a gidan wan mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baba, da matarsa Inna. Yawancin mutanenmu 'yan Nijar a benaye suke zaune, ɗaki kan ɗaki, kana jin tarin maƙwabcinka. Baba ya ce shi ba zai zauna inda wani ke tafiya a kan kansa ba. Ɗan gidan maharba ne tun daga kakanni, don haka ya nemi wani tsohon gida a bakin daji, mai fili gaba da baya, inda in ka manta gishiri sai ka tada mota. Na yi kuka da na ga wurin. Na ce an ce min Amurka, ga shi an kawo ni ƙauyen da ya fi namu shiru.

Ashe ba shiru ba ne, kunnena ne bai saba ba. Da zafi ya shigo, gyare da kwaɗi suka kama kiɗansu, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Da safe akwai wani tsuntsu mai sarar itace da baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har na ɗauka wani ne ke gyaran rufi. Ga turmin Inna, wanda ta sa aka ɗauko mata tun daga gida, tana daka a tsakar fili babu mai buga bango ya ce ta dame shi. Mun yi noman kuɓewa da yakuwa da gauta a bayan gida, mun fasa itace, mun share ganyen da ba ya ƙarewa in kaka ta zo, mun cire wa juna kaska a bayan kunne. Yau ina zaune a gida mai injin wanke kwanuka, gwiwata na ciwo, ina kewar aikin da a lokacin nake tsine masa a zuci.

Barewa kuwa kamar awakin unguwa suke shigo mana. Baba ya ce ba irin ta gida ba ce, wannan ta fi girma, ga farin wutsiya da take ɗagawa in za ta gudu, amma ba mu da wani suna da za mu ba ta. Da sassafe sai ka leƙa ka gan su tsaye a cikin kuɓewarmu suna tauna, suna kallonka kamar kai ne baƙon. Wani direban babbar mota da ke zuwa gidan ya taɓa ba mu labarin cewa can arewa, inda ƙanƙara ke rufe mota, akwai wata dabba mai tsayin raƙumi da ƙaho faffaɗa, wadda ke kwana a ƙofar gidan mutane har ta hana su fita aiki. Inna ta ce Allah ya bar mu da namu ɓarayin kuɓewar, su ma sun ishe mu.

In sanyi ya fara kamawa aka buɗe lokacin farauta, gidan sai ya zama mahauta. Baba yana da lasisinsa, yana sa rigar nan mai ruwan lemo da doka ta ce a sa, ya shiga daji bayan sallar asuba. In muka ji harbi ɗaya, Inna sai ta ɗora ruwa. In muka ji biyu, sai ta ce idon Baba ya fara tafiya, amma a hankali take faɗa. A wurinta na koyi cewa kitsen barewa ba abin ci ba ne, yana daskarewa a ganɗa kamar kakin zuma, sai an bi shi an yanke sarai. Na koyi kashe ƙarni da tsamiya da citta da tafarnuwa, da cewa naman ba shi da mai, in ba ka taimake shi da man shanu ba sai ya bushe maka a tukunya. Muna yin farfesu da ƙasusuwa, mu yi dambu da ƙafar gaba, cinya kuma ta kilishi ce. Babu ranar kirki a lokacin sanyi, don haka a gareji muke shanya a kan waya, fanka na kaɗawa, sannan a tsoma a labu na ƙuli-ƙuli da yaji da kanumfari da masoro, a gasa sama-sama. Baba yakan tsaya a kanmu yana cewa duk wadda ta huda masa yanka ɗaya da wuƙa ita za ta cinye abinta ɗanye. Ba dariya yake yi ba in ya faɗa.

Doka ta hana sayar da naman daji, Baba kuma bai taɓa neman sayarwa ba. Kyauta yake rabawa ranar Juma'a bayan masallaci, ƙunshi-ƙunshi a takarda. Mutanen da suka shekara ba su ga kilishin kirki ba har ƙwalla suke yi. Suka sa masa Sarkin Baka, ya karɓi sunan hannu bibbiyu. A wurin aiki shi ba kowa ba ne, tsoho ne mai tura amalanken kaya wanda yara ƙanana ke ba umarni. Girmansa duka a cikin ƙunshin takardar nan yake, kuma ya san haka.

Baba ba ya duka, ba ya zagi. Da yana yi, ina jin da ya fi sauƙi, don mutum ya san inda zai kare. Shi magana yake ajiyewa a hankali, sai bayan ya fita ka ji ta shige ka. Inna ta haihu a can gida, ba sau ɗaya ba, amma babu wanda ya kai yaye. Bai taɓa yi mata gori kai tsaye ba. Sai dai in baƙi sun zo da yara, ta miƙa hannu za ta ɗauki jariri, ya ce da uwar, yana murmushi, ta lura da kyau, hannun bai saba ba. Inna sai ta mayar da hannunta cikin zane. Dukansu biyu sun rasu yanzu, Allah ya jiƙan su. Ina yi wa Baba addu'a don an ce a yi, amma ba zan yi masa ƙaryar hali ba.

Wata safiya a farkon zafi mota ta buge wata barewa a titin gaban gidanmu. Inna ta fita duba abin da ya faru, ta dawo da wani abu a cikin mayafinta, duk ƙafafu, jiki ɗige-ɗige fari, yana kuka siriri kamar mage. 'Yar barewar ce, ta same ta a kwalbati kusa da gawar uwar. Baba ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya juya ta, ya ce ko romo ba za ta yi ba, ya ajiye. Maƙwabcinmu, wani dattijon Bature da shi ma maharbi ne, ya zo ya gaya mana cewa doka ba ta yarda a tsare dabbar daji a gida ba. Ya gama faɗa, ya kalli yadda Inna ta rungume ta, ya tafi. Kafin azahar sai ga shi da madarar akuya da kwalbar shayar da 'yan raguna, ya ce kada dai a ɗaure ta, a bar ta ta shiga ta fita yadda take so.

Inna ta sa mata suna Auta. Ni da farko na yi ta tsokanarta, ina cewa Inna an yi haihuwar tsufa, yaushe za a yi suna mu ci tuwo. Ba ta ji haushi ba, dariya ta yi, kuma ranar ce na fara ganin haƙoranta na ciki. Ta yi rainon nan da duk abin da ta tara shekara da shekaru ba ta sami inda za ta zuba ba. Tana goge mata jiki da tsumma mai ɗumi, tana cire mata kaska da ɗan hantsaki, tana yi mata faɗa in ta ƙi shan madara. Auta ta girma, ɗigon jikinta ya ɓace, ta zama 'yar banza ta gaske. Ta cinye mana yakuwa har saiwa, ta tauna gefen zanena a kan igiya, ta taɓa shiga kicin ta tura kai cikin ƙullun masa. In na kawo ƙara, Inna sai ta ce yarinya ce, ke ma kin yi.

Da ta yi ƙarfi sai ta fara bin 'yan uwanta cikin daji, ta wuni can. Amma bayan la'asar Inna za ta fito bakin ƙofar baya da kwanon sha da cokali, ta ƙwanƙwasa, ta kira, "Auta, zo, zo." Sai ka ga ganye ya motsa, ta fito tana taku ɗaiɗai, ta zo ta cusa hanci a tafin hannunta, ta ci dusa da ɓawon tuffa. Ni takan bari in matso, amma ba ta yarda in taɓa ta. Baba kuwa ko inuwarsa ta gani sai ta hura hanci ta ɗaga wutsiya. Na taɓa gwada kwanon da kaina ranar da Inna ke zazzaɓi, na buga har hannuna ya gaji, ba ta fito ba. Muryar mutum ɗaya ta sani a duniya.

Da lokacin farauta ya matso, Inna ta daina barci sosai. Maƙwabcin nan ya kawo wani ƙyalle mai ruwan lemo, aka ɗaura wa Auta a wuya, ya kuma bi duk maharban yankin ya gaya musu cewa mai ƙyallen ta tsohuwar gidan can ce. Suka kiyaye, har waɗanda ba sa amsa mana gaisuwa. Duk da haka in aka yi harbi a daji sai Inna ta saki abin da ke hannunta, ta je ta tsaya a ƙofar baya tana jan carbi, ba ta dawowa daidai sai ta ga ƙyallen ya ɓullo da yamma. Haka muka ƙetare sanyin farko. Duk tsoronmu yana wajen daji da baƙin bindigogi, ba wanda ya waiwayi cikin gida.

A kaka ta biyu, ina da cikin fari, wani babban malami daga garinmu ya zo ziyara Greensboro, birnin da ke kusa da mu. Mutum ne mai tsentseni, ana girmama shi ƙwarai. Aka yi masa walima a wani gidan bene, maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari. Baba ya durƙusa ya miƙa masa ƙunshin kilishi mafi kyau a gaban jama'a, ana ta kirarin Sarkin Baka. Malam ya buɗe, ya shaƙi ƙamshin, ya yaba, sannan ya tambaya ko wuƙa ta sami dabbar da rai, ko harsashi ne ya gama da ita. Baba ya ce ya yi bismillah kafin ya harba. Malam ya ce ya sani, malamai da yawa sun halatta hakan, ba ya hana kowa ci, amma shi a karan kansa ba ya cin naman daji sai wanda aka kwantar aka yanka. Ya naɗe takardar da ladabi ya tura gefe. Ba da mugunta ya yi ba, amma wasu samari a baya suka yi 'yar dariya, kuma Baba ya ji. Nan take ya ce Malam ya zo gidansa ranar Lahadi, zai ci barewa yankan hannu, wadda ta kalli alƙibla.

Duk satin nan Baba yana daji. So yake ya raunata wata ba tare da ya kashe ta ba, ya cim mata da wuƙa. Amma idon ya yi rauni, ƙafar ta yi nauyi. Ɗaya ya same ta ta riga ta cika, wata kuma ta gudu da harsashi a jikinta, ya bi jini har ya ɓace masa a rafi. Ran Asabar ya dawo hannu wofi, bai ci abinci ba. Muka ji shi a gareji yana wasa wuƙa, a hankali, ba gaggawa. Bayan ya yi la'asar sai ya ɗauki shebur ya haƙa ɗan rami a gindin bishiyar da ke bayan kicin, ya kira maigidana ya tsaya kusa. Ni har lokacin ban gane ba. Inna ta gane tun daga ƙarar shebur, don na ga ta zauna a kan turmi, abin da kullum take hana ni.

Ya zo ya tsaya a kanta, ya miƙa mata kwanon sha da cokali.

"Ke, kira ta."

"Alhaji, a sayo rago," in ji Inna. "Zan ba da 'yan kunnena. A sayo biyu ma."

"Rago kowa yana da shi. Barewa na ce wa Malam."

Ta ce masa Auta ba naman daji ba ce, a hannunta ta tashi. Ya ce shi ya sa. Ta ce ya ji tsoron Allah. Ya ce yana ji, dabba ce halal, ba ɗiyar kowa ba ce, kuma in tana da ɗiya ta nuna masa. Ya faɗi wannan ba tare da ya ɗaga murya ba. Na buɗe baki zan yi magana, maigidana ya harare ni, ya ce in shiga ciki. Ban shiga ba.

"Bon, ki saurara," in ji Baba. "In kin kira ta, wuƙa ce sau ɗaya, ba za ta san an yi ba. In kin ƙi, gobe da safe za ta zo cin kuɓewa, zan karya mata ƙugu daga taga, ta ja ciki har in sauko in same ta. Ko ta yaya Malam zai ci. Ke za ki zaɓa mata."

Inna ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta tashi, ta gyara ɗaurin zanenta, ta zuba dusa, ta je bakin ƙofar baya. Bugun farko cokalin ya suɓuce mata. Ta ɗauka ta sake. Da ta kira, muryarta irin ta kullum ce, mai laushi, don ta san in ta canza Auta ba za ta zo ba. Na yi ta addu'a a zuciyata Allah ya sa ta yi nisa, Allah ya sa ta bi wani namiji ta ƙetare rafi. Ganye ya motsa, ƙyallen ya ɓullo. Ta tsaya ta shaƙi iska, ta ji warin Baba da maigidana da suka je suka ɓoye a bayan ƙofar gareji, ta buga ƙafa. Inna ta sake cewa zo, sai ta zo.

Baba ya bi duk ƙa'idar tausayin dabba, ba wadda ya tsallake. Bai wasa wuƙar a gabanta ba, ya ɓoye ta a bayansa. Ya sa an ba ta ruwa ta sha. Da suka kayar da ita ta fara shure-shure tana wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba, sai ya ce wa Inna ta zo ta rufe mata ido da hannu, kada dabba ta wahala. Inna ta durƙusa ta ɗora tafinta a fuskar, tana ce mata ya isa, ya isa, Auta ta lafa. Ya juya ta ta kalli alƙibla, ya yi bismillah. Duk wannan tausayin da ya auna wa dabba, ko ƙwaya bai rage wa matarsa ba. Na tsani Baba a wannan yammacin, tsana irin wadda ban san ina da ita ba, kuma shekaru ba su cinye ta duka ba.

Da aka gama fiɗa na ce Inna ta je ta kwanta, ni zan yi girkin. Ta wanke hannu, ta ɗauki wuƙar kicin, ta ce, "Ba ki iya ba tukuna, ɗiyata. Za ki ɓata ta." Ita ta bi naman ta cire kitsen, ta jiƙa da tsamiya, ta daka kayan yaji a turmi. Washegari ta yi farfesu, ta yi dambu, ta gasa cinya da man shanu a kan garwashi, tana juyawa tana shafawa. Ban taɓa ganin ta kula da girki kamar ran nan ba. Ba ta ɗanɗana ba, ni ta riƙa miƙa wa cokali in gaya mata gishiri. Ba ta yi kuka ba, ko kaɗan, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Malam ya zo da jama'a cike da motoci. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe yatsa. Ya tambayi yadda aka kama ta da rai, Baba ya ce ita ta kawo kanta har hannu, aka yi ta mamakin ikon Allah da asirin maharba. Malam ya ce tun da ya shigo ƙasar nan bai ci nama da kwanciyar rai kamar yau ba, ya nemi a kira mai girkin. Inna ta durƙusa a bayan labule, ya sa mata albarka, ya ce Allah ya ba hannun nan abin da yake so. Ta ce amin. Samarin da suka yi dariya a walima su suka fi kowa kirari. Kafin a watse na ji ana cewa Sarkin Baka, baɗi ma muna nan, irin wannan muke so, yankan hannu. Baba ya ce in Allah ya kai mu.

Maƙwabcinmu ya zo bayan kwana biyu yana tambaya ko mun ga mai ƙyalle. Baba ya ce ta tafi. Dattijon ya kalli fatar da aka shanya a jikin gareji, ya kalli Inna, ya juya. Bai sake ɗaga mana hannu ba har muka bar unguwar. A cikin sanyin nan na haihu. Inna ta yi min wankan jego, ta dama min kunu, ta wanke tsummokin jaririya, ba abin da ta rage. Amma ba ta yi mata wasa, ba ta sa mata sunan tsokana, in ta gama shafa mata mai sai ta miƙo min ita da sauri kamar tukunya mai zafi. A lokacin na ji haushi. Sai da na manyanta na gane tsoro take ji.

Da ganye ya dawo, zafi ya fara, sai muka lura Baba yana fita bakin daji da safe ba bindiga, yana tafiya a hankali cikin doguwar ciyawa, yana bankaɗawa da sanda. Wata safiya muna shanya, ya fito da rigarsa a dunƙule a ƙirji. Ya zo ya buɗe ta a gaban Inna. Wani abu ya zubo, duk ƙafafu, jiki ɗige-ɗige, cibiyarsa ko bushewa ba ta gama ba. Can a bakin itatuwa wata babbar barewa ta tsaya tana buga ƙasa tana hura hanci, ta matso ta koma, ta matso ta koma.

"Alhaji, ga uwarta can," in ji Inna.

"Na riga na taɓa ta. Ta ji warin mutum, ba za ta karɓe ta ba." Ya kakkaɓe rigarsa. "Ke kika iya. Mutane sun sa rai."

Ya shige ciki ya ce a kawo masa shayi. Mun yarda da maganarsa, don shi ne maharbi. Sai bayan shekaru na ji cewa ba haka ba ne, barewa takan ɓoye ɗanta a ciyawa ta je kiwo, kuma in aka mayar da shi za ta karɓa ko wa ya taɓa. Ban san ko Baba ya sani ba. Ina zaton ya sani.

'Yar barewar ta yi ƙoƙarin tashi ta faɗi, ta fara kukan nan siriri. Inna ta juya mata baya, ta ci gaba da shanya. Ta shanya zane, ta shanya riga, ta ɗauki wata ta matse ta alhali ta riga ta matse. Kukan bai tsaya ba. Rana ta ɗaga, uwar ta gaji ta shige daji. Na ga kafaɗun Inna sun sauka. Ba tare da ta kalle ni ba ta ce in duba mata cikin kayan jaririyata ko akwai bibiro, kwalbar shayarwa, wanda ba na so a dawo min da shi, in kuma ga ko da sauran madara a firigo.

Na kawo mata. Don in rage nauyin shirun, na ce ita kuma wannan wa za mu kira ta.

"Ba a sa wa nama suna," in ji Inna.

Ta zauna a dokin ƙofa, ta ɗora ta a cinya, ta ɗiga madarar a bayan hannunta don ta ji ko ta yi zafi da yawa.